Kun Ci Ladan Kuturu, Ku Yi Masa Aski

Yau zan taɓo wata magana da na san kafin in kai rabinta wasu sun fara dariya, wasu kuma za su ce wannan bawan Allah ƙoshi ne ke damunsa. Maganar masu ƙiba ce, irin ƙibar da ta riga ta zama ciwo, da tiyatar da ake yi musu, da kuma wasa da hankalin da kamfanonin inshorar lafiya ke yi wa mutum tun daga ranar da likita ya ce aikin nan ya zama dole. Don Allah a karanta har ƙasa kafin a yanke mini hukunci.

A watan Mayun 2022 marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta rushe NHIS ta kafa NHIA, dokar da ta ce inshorar lafiya ta zama tilas a kan kowane ɗan Najeriya. Tilas fa aka ce. Mu nan Katsina muna da tamu hukumar, KATCHMA, tun zamanin Masari. Ga kuma kamfanonin nan da ake kira HMO, waɗanda ke tsaye tsakanin majiyyaci da asibiti, su ke riƙe da kuɗin, su ke ba da lambar izini kafin a yi maka duk wani aiki da ya wuce na zazzaɓi da ciwon kai. Wajen karɓar kuɗi babu wanda ake tambaya tsawonsa ko nauyinsa, babu wanda ake cewa ya kawo takardar likitan ƙwaƙwalwa. Wata na ƙarewa an zare. Sai ranar da ciwo ya kwantar da kai sannan za ka ga an buɗe maka wani littafin sharuɗɗa da ba ka taɓa jin labarinsa ba.

Bari in fara bayyana aikin kansa, don na lura mafi yawanmu mun haɗa shi da wani abu daban. A watan Oktoban 2005 Stella Obasanjo ta rasu a Sifen bayan tiyatar gyaran jiki. Wata guda kafin nan 'yan sandan Landan suka cafke gwamnan Bayelsa na lokacin, Alamieyeseigha, a filin jirgi, yana dawowa daga Jamus inda jaridu suka ce ya je a rage masa teɓa. A shekarar ne kuma aka ƙaddamar da NHIS. Tun daga nan ya zauna a kan ɗan Najeriya cewa duk wani aiki da ya shafi ƙiba kwalliya ce ta matan manya da ɓarayin gwamnati. Kamfanonin inshora kuwa wannan fahimtar ta yi musu daɗi, domin aikin kwalliya yana cikin abubuwan da tsarin bai ɗauka ba.

To amma abu biyu ne mabambanta. Zuƙe kitsen ciki don riga ta zauna daidai, wannan kwalliya ce, wanda ke so ya biya da kuɗinsa, babu ruwana. Wanda nake magana a kai ba ya taɓa kitsen ma. Tumbin da abinci ke sauka a cikinsa ake yi wa aiki. A nau'in da aka fi yi yanzu, likita na huda 'yan ƙananan ƙofofi a ciki, ya shiga da na'ura mai kyamara, ya cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin, ya bar shi siriri kamar ayaba. Ɓangaren da ake cirewa nan ne jiki ke samar da mafi yawan sinadarin da ke tayar da yunwa, shi ya sa bayan aikin mutum ba ƙaramin wurin zuba abinci kaɗai yake samu ba, ita kanta yunwar ce ke lafawa. Akwai wani nau'in da ake yanke ƙaramin aljihu a saman tumbi a haɗa shi kai tsaye da hanji, abinci ya tsallake wani sashe. Masu ciwon suga da yawa sugansu kan sauka cikin kwanaki bayan aikin, tun kafin su rame. A Suwidin an fara wani bincike a 1987, an bi mutum sama da 4,000 shekara da shekaru, sakamakon da ya fito a 2007 ya nuna waɗanda aka yi wa aikin sun fi waɗanda aka bari da magani da shawarar abinci tsawon rai. Ƙungiyar likitocin Amurka ta ayyana ƙiba a matsayin cuta tun 2013. Ina kwalliya a nan?

Kuma ba kowane mai tumbi ake yi wa ba. Akwai ma'aunin da ake kira BMI: nauyinka a kilo, a raba da tsawonka a mita sau kansa. Ƙa'idar da aka fitar a Amurka a 1991, wadda duniya ta daɗe tana bi, ta ce sai wanda ya kai 40, ko kuma 35 idan yana da ciwon suga ko hawan jini ko makamancinsu. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin fannin suka sassauta, suka ce 35 ya isa ko babu wani ciwo, mai ciwon suga kuma ana iya duba shi tun daga 30. Ku riƙe waɗannan lambobin, za mu dawo kansu.

Yayata uwa ɗaya uba ɗaya tana aure a Malumfashi. Tsawonta bai wuce mita 1.6 ba, nauyinta ya haura kilo 130. Ku buga lissafin, ya wuce 50. Tana da suga shekara tara, tana da hawan jini, gwiwoyinta sun gama aiki har sallah a kan kujera take yi, da daddare kuma numfashinta kan ɗauke cikin barci sai mijinta ya girgiza ta. Kamfanin da mijin ke wa aiki ya yi musu rajista da wani HMO, ba zan kama suna ba, shekara bakwai ana cire masa kuɗi. Likitan da ke duba suganta, bayan ya ƙara allura ya ƙara har ya gaji, ya rubuta ta je ta ga likitan tiyata. Likitan tiyata ya duba ya ce ta cancanta, kuma kada a ja lokaci, don ƙodarta ta fara nuna alama.

Daga nan aka shiga rawar ƙafa.

Sharaɗin farko, ta kawo shaidar nauyinta na shekara biyu baya, daga asibiti, da hatimi. Wanda ya rubuta wannan sharaɗi bai taɓa shiga ƙaramin asibiti a ƙasar nan ba. Sikelin da ke ɗakin awo inda take zuwa iyakarsa kilo 120, ta hau allurar ta buga ƙarshe ta tsaya, ma'aikaciya ta rubuta 120 ko ta bar wurin fayau. Ranar da muka so sanin ainihin nauyinta, Allah Ya gani, sai da muka jira magariba ta yi, mutane suka watse, muka kai ta shagon wani mai sayen hatsi ta hau sikelin buhu. Matar aure, uwar 'ya'ya shida. A mota muna dawowa ba ta ce uffan ba, sai da muka kusa gida ta ce mini, "Kai dai ƙanena, kada Inna ta ji wannan."

Sharaɗi na biyu, sai ta yi wata shida cur tana ganin masanin abinci, kowane wata a auna ta a rubuta, kuma a asibitin da su suka amince da shi. Idan wata ɗaya ya kuɓuce, lissafi ya koma farko. Asibitin da suka amince da shi yana Kano. Ta yi wata huɗu tana zarya, a na biyar aka kai hari kusa da hanyar da suke bi, direbobi suka ƙi fita kwana biyu, ranarta ta wuce. Aka ce a sake daga ɗaya. Mijinta ya kira ya yi bayani, yarinyar da ke kan waya ta ce, "Alhaji ka yi haƙuri, haka tsarin yake." Na uku, takardar likitan ƙwaƙwalwa. Na huɗu, gwaje-gwaje: awon jini kala-kala, hoton zuciya, a zura kyamara ta maƙogwaro a duba tumbi. Kuma kowane sakamako wata uku kawai yake aiki. Wato ka yi gwaji a farko ya mutu kafin wata shidan ya cika, ka bari sai ƙarshe a ce fayil bai cika ba ba za a buɗe shi ba. Sau biyu ta yi wasu, na biyun daga aljihu.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne na biyar. Wai sai ta nuna ta rage wani abu daga nauyinta a cikin watannin nan, don a tabbatar da gaske take. Ku tsaya ku duba tarkon nan da kyau. In ta rage, ga hujja cewa abinci kaɗai ya isa, ba sai an yi aiki ba. In ba ta rage ba, ga hujja cewa ba ta bin doka, aikin ba zai amfane ta ba. Gaba kura baya sayaki. Mutumin da zai iya sauke kilo 50 da dafaffen kabeji, me zai kai shi ƙarƙashin wuƙa tun farko?

Bayan wata goma sha huɗu fayil ya cika. Aka tura. Aka yi mako biyar shiru. Amsar da ta zo layi biyu ce: aikin yana cikin rukunin kwalliya, tsarinsu bai ɗauke shi ba.

To don girman Allah, in kun san bai ɗauka ba, me ya hana ku faɗa a ranar farko? Me ya sa kuka jera mata sharuɗɗa biyar na abin da kun san ba za ku biya ba? Ni amsar da na gano ita ce, ba a taɓa tsammanin za ta cika su ba. An gina katangar ne don mutum ya gaji a hanya ya koma gida da kansa, ta yadda babu wanda zai ce an hana shi. Ita da ta yi taurin kai ta haura, sai aka rasa abin cewa aka fito da gaskiyar.

Kada wani ya ce ina adawa da sharuɗɗa gaba ɗaya. Aikin nan ba cire haƙori ba ne. Ana iya zubar jini, ɗinki na iya yoyo, ana mutuwa ma, ko da yake a hannun ƙwararru ba kasafai ba. Bayan aikin mutum zai yi makonni yana shan ruwa-ruwa, kuma har ƙarshen rayuwarsa yana shan bitamin da maganin ƙarin jini, an yi sallama da cika kwano da tuwon masara. Saboda haka idan likitan tiyata ya ce a duba zuciya, a daidaita suga, mai shan taba ya daina, a zauna da masanin abinci don mutum ya san abin da zai shiga, a yi makonni biyu ana cin abinci mara nauyi don hanta ta sace a samu wurin aiki, duk wannan daidai ne, don lafiyar majiyyaci aka yi. Sharaɗin likita daban, sharaɗin akawu daban. Na likita yana da dalilin da za a iya faɗa maka a fuska. Na akawu, ka tambayi dalili a ce haka tsarin yake.

Kuma wannan wata shidan ba a nan aka ƙirƙiro shi ba, kwafo shi aka yi daga kamfanonin inshorar Amurka. Can ɗin ma ƙungiyar likitocin tiyatar ƙiba ta ƙasar ta daɗe da fitar da matsaya cewa babu wata hujjar ilimi da ta nuna tilasta wa mutum wannan jira yana inganta sakamakon aiki, illa dai yana jawo jinkiri, wasu su yanke ƙauna su fasa. Masu abin sun ce ba shi da amfani, mu kuma mun ɗauko shi mun ɗora wa matar da za ta fito daga Malumfashi ko Kafur ko Ɗanja. Ba'amurke yana da masanin abinci a bayan layinsu. Mu fa? Mutumin Funtua in an tura shi babban asibiti, mafi kusa shi ne na koyarwa da ke Shika, a bi ta Giwa. In Katsina aka ce, tafiya ce ta kusan kilomita 200. Mutumin Sabuwa ko Faskari ko Ɗandume kuwa kafin ya yi lissafin kuɗin mota sai ya fara lissafin ko hanya za ta biyu. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma, kuma mai irin wannan jiki kujera biyu yake biya, wani direban ma ya ƙi ɗauka. Inshora ba ta biyan ko sisi a nan. Sharaɗin da ɗan Maitama zai cika da tafiyar minti goma, mu sai mun sayar da buhunan masara.

Na san abin da ke bakin wasunku, bari in riga ku faɗa. Za ku ce, a jihar da yara ke mutuwa da yunwa kai kana maganar masu ƙiba? Gaskiya ne, kuma abin kunya ne gare mu duka. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta ce a watanni shidan farko na 2025 yara sama da 600 suka rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina saboda tamowa. Ban manta ba, ba kuma zan manta ba. Amma ku amsa mini: kuɗin da aka hana Yayata, wane yaro aka saya wa madara da shi? Wace cibiyar tamowa aka kai wa? Yana nan a asusun kamfani ya zama riba. Kada a yi amfani da gawar yaran talakawa a rufe bakin wanda ya biya kuɗinsa yake neman haƙƙinsa.

Sannan wa ya ce muku ƙiba ciwon masu kuɗi ce? Ku leƙa gidajenmu. Abin da ya fi araha a yankin nan shi ne masara, shinkafa, taliya, fulawa, suga da mai. Nama da kifi da ƙwai sun zama na ranar suna. Matar da ke cikin gida, ta haihu bakwai ko takwas, ba ta da filin motsa jiki sai tsakar gida, abincinta tuwo da safe taliya da rana, ga lemon kwalba a kowane biki, ita ce za ka ga ta kumbura alhali jininta bai kai ba. A gida guda sai ka tarar da uwa mai suga da hawan jini da ɗa mai tamowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba, kuma ba Turai kaɗai ake nufi ba.

Ko ta fuskar kuɗin ma, wanne ya fi tsada? Aiki sau ɗaya, ko allurar suga ta shekara ashirin, da wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, da yanke ƙafa, da shanyewar ɓarin jiki? Duk mai lissafi ya san amsa. Abin da ya sa kamfani bai damu ba shi ne ya san wancan babban kuɗin ba shi zai biya ba. Wankin ƙoda 'yan zaman farko kawai ake ɗauka, in ma an ɗauka, sauran na dangi ne. Kafin ƙodar ta mutu ƙila mijin ya yi ritaya ko ya canza aiki, ya fita daga littafinsu. Asarar tana nan, sai dai an tura ta gaba, ta faɗo kan 'yan'uwa da za su sayar da gona, da sanarwar neman taimako a masallaci bayan sallar Juma'a.

Wannan halin ba yau aka fara kuka da shi ba. Ɗan jihar nan, Farfesa Usman Yusuf, ya shugabanci NHIS daga 2016, ya fito fili ya zargi kamfanonin HMO da riƙe kuɗin asibitoci da cutar masu rajista. An dakatar da shi a 2017, aka maido shi a 2018, aka sallame shi a 2019. Kowa na da ra'ayinsa a kan mutumin da salon shugabancinsa, ni ba lauyansa ba ne. Amma shi ya tafi, matsalar da ya nuna da yatsa ba ta tafi ba. Hujja kuwa, a 2025 sai da NHIA ta ba da umarni cewa HMO ya fitar da lambar izini cikin awa guda bayan asibiti ya nema. Ba a kafa irin wannan doka sai in jinkirin ya zama ruwan dare. Umarnin ya yi kyau, na yaba. Sai dai awa gudan tana fara ƙirguwa ne bayan an nemi lambar. Wata goma sha huɗun da ake ɓatarwa kafin a yarda ma a nema, wa ke ƙirga su?

Duk wannan fa maganar wanda ke da inshorar ake yi, ma'aikaci ko matarsa. A tsarin ma'aikata, miji ne da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Mai mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya sai ya zauna ya zaɓi wanda zai sa, sauran sai ya ƙara kuɗi. Manomin Bakori da ke ciyar da rabin ƙasar nan da masara da waken suya, shi ko cikin lissafin bai shiga sosai ba. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, ta 2022 ta kafa asusun marasa galihu, amma har yau sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Manomi kuɗinsa sau ɗaya yake zuwa a shekara, da kaka. Duk tsarin da zai ce masa ya biya wata-wata kamar mai albashi, ba a yi shi don shi ba. To in wanda ake cire wa kuɗi tun daga tushe haka ake yi masa, da wane baki za ka je kasuwar Ɗandume ka ce wa manomi ya kawo nasa? Labarin irin su Yayata shi ke yawo a majalisu, ya fi duk wata sanarwar rediyo tasiri.

Mu ma jama'a muna da namu kason. Mu ne ke yi wa amarya dariya in ba ta yi ɓulɓul ba, har 'yan mata suna shan ƙwayoyin nan na sha-ka-fashe da ake sayarwa a kemis ba takardar likita, waɗanda wasunsu ke jawo suga da hawan jini da kansu. Mu ne kuma in jikin ya wuce misali muke binta da suna, buhu, tanka, giwa, har ta daina fita unguwa. Wanda kunya ta hana shi fita ba zai je ofis ya buga tebur ba, kamfanoni sun san haka. Sai masu lasifika a bayan mota ranar kasuwa su samu ciniki, maganin narkar da teɓa cikin kwana bakwai, jarka guda, mutum ya sha ya yi ta gudawa ƙoda ta ƙara lalacewa. Allurar nan ta zamani irin su Ozempic tana aiki, amma kuɗin wata guda ya fi mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, kuma in ka daina nauyin kan dawo.

Abin da nake nema ba mai yawa ba ne, kuma ba sadaka ba ce. NHIA da KATCHMA su fito su raba tsakanin zuƙe kitse don ado da tiyatar tumbi don magani, a rubuce, da lambobin BMI ɗin da likitocin duniya suka amince da su, ta yadda babu akawun da zai sake fakewa da kalmar kwalliya. In kuɗin bai isa a ɗauki aikin duka ba, a faɗa, a ce rabi za a biya ko kashi ɗaya cikin uku, mutum ya san inda zai nemo sauran. Ko a ce ba a biya sam, amma a faɗa a ranar farko, ba bayan shekara ba. Gaskiya mai ɗaci ta fi wannan jan rai. Kowane kamfani a tilasta masa ya ba mai rajista jerin abin da ya ɗauka da wanda bai ɗauka ba tun ranar da zai fara cire kuɗi, da Hausa, don ba kowa ke gane Turancin lauyoyi ba. Awon wata-wata kuma, in dole sai an yi, me ya hana a karɓi na babban asibitin Funtua ko na Malumfashi? Likitocin can ba takardar bogi gare su ba. A saya musu sikelin da ya wuce kilo 120, kuɗinsa bai kai na tayar motar rakiya guda ba.

Sanatanmu na shiyyar Funtua, Muntari Ɗandutse, da 'yan majalisarmu na tarayya da na jiha, wannan aikinku ne. Ba kwangila a ciki, ba a yanke kyalle, shi ya sa na san ba zai ja hankali ba. Amma tambaya ce guda za ku yi wa hukuma a zauren majalisa: cikin mutanen da likita ya rubuta wa babban aiki, nawa ne suka fara cika sharuɗɗa, nawa suka kai ƙarshe, nawa aka biya wa? Kamfanonin suna da alƙaluman. A sa su kawo.

Ku kuma da ke kan wannan hanya yanzu, ko aikin ƙiba ne ko na gwiwa ko na ido, kada ku taka ko taki ɗaya sai an ba ku amsar tambaya guda a rubuce: in na cika waɗannan sharuɗɗa, za ku biya, kuma nawa? Ba a waya ba, a takarda mai hatimi ko saƙon imel. Duk wanda kuka yi magana da shi ku rubuta sunansa da rana da lokaci. Kowane sakamakon gwaji ku ɗauki hotonsa a waya kafin ku miƙa, don fayil yana ɓata a lokacin da aka fi bukatarsa. Ku tambayi wa'adin kowane gwaji kafin ku biya. In aka ƙi ku, ku ce a rubuta dalili da sashen da aka dogara da shi, ku ɗauki takardar ku kai ofishin NHIA na jiha, ita ce hukumar da ke ba su lasisi. Mu namu ƙorafin mun shigar tun kafin azumi, da kwafin takardu talatin da ɗaya, har da rasidin mai sikelin hatsi.